Ranar Ƙarshe a Gonar Lubke

Sufeto Lorraine Petrakis tana zaune a barandar ɗan gidan baƙin da suka kama, ta miƙe ƙafafu a kan kujera, shayinta ya huce a hannu, sai ta hango Narelle Lubke, matar ɗan mai gonar, ta ratso layukan inabi a guje, ko takalmi babu.

Ranar ce ta ƙarshe a hutunsu na kwarin Barossa. Mijinta Theo yana bayan mota yana fama da kwalayen giyar inabin da ya yi ta saye tun zuwansu, ya sa wannan ya cire wancan, yana ƙunƙuni. Shirinsu ba shi da yawa. Su ci abincin rana a Tanunda, su sayi kyafaffen nama na tsaraba, su kama hanyar Adelaide tun da sauran rana. Gobe da safe tana ofis.

"Lorraine! Don Allah ki zo. Baba Errol ne. Yana cikin tanki, ba ya motsi!"

Lorraine ta runtse ido. Tun ranar da suka sauka, da kofi biyu na giya suka ratsa Theo, ya shelanta wa masu gonar cewa matarsa sufeto ce a sashen binciken kisan kai.

"Kun kira motar asibiti?"

"Brenton ya kira. Ya kira Saje Dunstall ma."

"To ai an kira waɗanda ya kamata," in ji Theo, kwali a hannunsa. "Lorraine, hutu fa kike yi."

"Na sani."

Ta sunkuya ta jawo takalminta.

Rumbun da ake tsima inabi tsohon gini ne na dutse, mai duhu da sanyi. An haƙa tankunan siminti a jere cikin ƙasa, bakinsu daidai da daɓe. Kaka ce, duk sun cika suna ta ɓulɓula, ban da na ƙarshe da aka tsiyaye jiya, sai tuƙar inabi da ta rage a gindinsa. A can Errol Lubke, mai gonar, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, yake kwance ta gefe, shebur kusa da shi.

Duk ɗan kwarin nan ya san iskar da inabi ke fitarwa in yana tsima. Ba a ganinta. Nauyi gare ta, sai ta gangara ta kwanta a wuri mafi zurfi kamar ruwa. Shi ya sa ba a shiga tanki sai fanka tana hura iska ta mesa har ƙasa.

Saje Murray Dunstall ya riga ta isowa. Ƙaton mutum ne mai furfura, a kwarin aka haife shi, a nan kuma yake shirin yin ritaya.

"Sannu, Sufeto. An ɓata miki hutu a banza. Haɗari ne. Kowace kaka sai mun yi musu wa'azi, amma tsofaffin nan gani suke iskar ma ta san su."

"Allah ya sa," in ji Lorraine, kuma har zuciyarta take nufi.

Ta durƙusa a bakin tankin, gwiwarta ta yi ƙara. Ta karɓi tocilar Saje ta haska ƙasa. Tsanin ƙarfe yana jingine a ciki. Ta bi shi da haske har gindi, ta tsaya. Ta daɗe a haka.

"Saje, in 'yan kwana-kwana sun zo fito da shi, kada su taɓa shi sai an ɗauki hoto."

"Me kika gani?"

"Dubi ƙafar tsanin ta hagu."

Saje ya leƙa. Ƙafar tsanin tana tsaye a kan hannun rigar mamacin, ta danne shi cikin tuƙa.

"Mutum ba ya sauka ta tsani, sannan ya cusa rigarsa ƙarƙashin tsanin," in ji ta. "Bayan ya faɗi aka zura shi."

Ta fita waje ta kira shugabanta a Adelaide. Ya ce mutanensa duk suna wani aiki a bakin teku, ba mai isowa sai la'asar, tunda Allah ya sa tana wurin ta riƙe musu. Ta kashe wayar ba tare da sallama ba.

Brenton, ɗan marigayin, yana zaune a kan wata ganga a ƙofar rumbun, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ne mijin Narelle, shi ke kula da sayar da giyar.

"Kai ka fara ganinsa?"

"Ni ne. Na zo tambayarsa makullin tarakta."

"Fanka tana aiki?"

"A kashe take. Ni na kunna."

"Tsanin fa?"

"Yana nan yadda kika gan shi."

"Ba ka taɓa shi ba?"

"Ban taɓa ba."

"Ba ka yi ƙoƙarin sauka ka ɗauko shi ba?"

"Wanda ya sauka ɗauko wani, gawa biyu ake fitarwa. Baba da kansa ya koya mini. Na yi ta kiransa daga sama."

Ana cikin haka wani dattijo siriri ya iso a kan babur mai ƙafa huɗu, almakashin yankan inabi a aljihun bayansa. Wilf ne, ƙanen Errol, wanda ke kula da itatuwan. Lorraine ta san shi. Da yamma takan gan shi zaune a kan akwati a cikin tsohuwar gonar da ke gefen hanya, ya ɗaga mata hula in ta wuce.

Ya sauka, ya leƙa cikin rumbun, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Sannu da haƙuri, Wilf. Yaushe rabonka da shi?"

"Jiya da rana."

"Yau da safe kana ina?"

"Can gonar tudu, tare da masu tsinka. Tun asuba."

"Ba ka biyo ta nan ba?"

"Me zai kawo ni? Rumbu nasa ne, itatuwa nawa. Haka muka raba tun muna samari."

Ya mayar da hularsa, ya dafa kafaɗar Brenton. Brenton bai ɗago ba.

Saje ya ja ta gefe.

"Ban so in faɗa a gabansu ba. Jiya da yamma an ji Brenton da ubansa suna sa-in-sa, har maƙwabta sun ji. Matata ta ji daga bakin matar fasto."

"A kan me?"

"Wannan kam matar fasto ba ta samo ba. Abin ya dame ta ƙwarai."

Lorraine ta sami Narelle a ɗakin da baƙi ke ɗanɗana giya, tana goge kofunan da tun jiya a goge suke.

"Me ya haɗa mijinki da mahaifinsa jiya?"

"Maganar aiki ce. Wace gona za a fara tsinka, wace za a bari. Kowace kaka haka suke."

"Yau da safe kina ina?"

"A kicin, ina haɗa muku karin kumallo."

"Ba ki fita ba? Ba ki ga kowa ba?"

"Ban ga kowa ba."

Kofin hannunta ya ƙwanƙwashi teburi. Lorraine ta ja kujera ta zauna. Tambayoyin nan ta yi su a ɗakuna ba iyaka, ga mata masu goge abin da ba ya bukatar guga. Ƙafafunta zugi suke yi. A wannan ɗakin shekaranjiya Errol ya zuba mata jar giya da hannunsa, yana ba ta tarihin gonar, yana katse duk wanda ya buɗe baki.

Sai ga ƙugin babbar mota a tsakar gida. Tirela ce ɗauke da katafila. Direban ya diro, ya leƙo ta ƙofa yana share gumi.

"Ina Errol? Ya ce in zo da wuri, ga shi taya ta ɓata mini lokaci a hanya."

"Aikin me za ka yi masa?" in ji Lorraine.

"Tsohuwar gonar bakin hanya zan tumɓuke. Da sai wata mai zuwa muka yi da shi, jiya ya bugo ya ce an gama tsinke ta, in zo yau a wuce wurin. Zauren biki zai gina, wai masu aure daga birni sun fi inabi riba." Ya dubi fuskokinsu. "Lafiya dai?"

Lorraine ta ce ya jira a motarsa. Ta juya ga Narelle.

"Wace gona za a fara tsinka, ko?"

Narelle ta ajiye tsumman.

"Rabin itatuwan sun mutu, wannan gaskiya ne, Baba bai yi ƙarya ba. Amma kakan kakansu ne ya dasa su. Kuma da Inna Doreen ta rasu, matar Baffa Wilf, aka ƙona gawarta, a layi na ƙarshe ya barbaɗa tokar. Haka ta roƙa. Ba su haihu ba, ba shi da wani wurin zuwa. Brenton ya roƙi Baba ya bar layin nan ɗaya kawai. Baba ya ce daidai nan ne motocin baƙi za su riƙa tsayawa."

"Wilf yana nan aka yi?"

"A'a. Baba ya ce kada a gaya masa sai an gama."

"Kuma ba a gaya masa ba?"

Narelle ta ɗauki wani kofin ta fara gogewa. Lorraine ta dube ta, ba ta matsa ba. Ta miƙe.

Rana ta take. Theo yana zaune a inuwar wani itacen barkono kusa da motarsu, ya naɗe hannunsa da hankici.

"Na buga wa gidan abincin Tanunda waya na ce su ba wani teburinmu," ya ce. "Ba sai kin ba ni haƙuri ba, na haddace kalmomin."

"Me ya sami hannunka?"

"Wannan shaiɗanin karen. Yana can bayan ɗakin famfo a ɗaure, tun safe yake kuka, ba ruwa. Na ce bari in yi aikin lada. Saura ƙiris ya raba ni da yatsa."

Lorraine ta tsaya cik. Kaiser sunan karen, wani guntun kare mai launin toka da ke bin Errol duk inda ya sa ƙafa. Tun zuwansu ba ta taɓa ganinsa da igiya ba. In Errol yana cikin rumbu, karen yana kwance a bakin tanki.

Ta kira Saje suka zagaya. Kaiser yana ɗaure a jikin bututu da igiyar ɗaurin ciyawa. Da ya gan su ya yi wani gurnani, ya tashi da ƙafafun baya har igiyar ta shaƙe shi.

"Errol yakan ɗaure shi?"

"Errol? Ai har coci yake zuwa da shi, ya jira a ƙofa. Cewa yake ɗaure kare zalunci ne."

"Wa ke iya kama shi ya sa masa igiya?"

Saje ya dubi karen. Ya cire hula ya sosa kai.

"Saje?"

"Ni dai ya taɓa yaga mini wando. Likitan dabbobi sai da allurar barci." Ya kawar da kai ya dubi tudu. "Bari in kira shugabar masu tsinka in ji ko wa ta gani da asuba."

"Kira ta. Ka turo mini Brenton nan."

Brenton ya zo yana jan ƙafa, ya tsaya nesa da karen.

"Brenton, na gaji, kai ma ka gaji. Tsanin nan a kan rigar mahaifinka yake tsaye. Kai ka zura shi."

Brenton ya sunkuyar da kai.

"Ni ne."

"A ina ka same shi?"

"A rataye a bango. A ƙugiyarsa."

"Wato wani ya janye shi mahaifinka yana ciki, ya rataye shi tsaf, ya kashe fanka. Kai kuma ka zo ka mayar don a ce haɗari ne. Wa kake karewa?"

"Kaina." Ya ɗago jajayen idanu. "Ni na yi. Kowa ya ji mun yi faɗa jiya. Ki rubuta, ni ne."

"Kai ka ɗaure karen ma?"

"Ni ne."

"To madalla. Tun safe bai sha ruwa ba. Je ka kwance shi."

Brenton ya dube ta, ya dubi karen. Ya yi taku biyu. Kaiser ya kwantar da kunnuwa, ya bankaɗo haƙora, ya yi wani tsalle da ya girgiza bututun. Brenton ya ja da baya, hannunsa na dama ya kai kan wani tsohon tabo a damtsensa na hagu.

"Ka gani?" in ji Lorraine a hankali. "Koma wurin matarka. Maganar tsani tana nan, za ka amsa ta, amma ba wannan ba."

"Baffa Wilf ne ya raine ni," in ji Brenton, hawaye na bin gemunsa. "Baba bai taɓa zuwa kallon wasana ba ko sau ɗaya. Shi ne ke zuwa. Don Allah, Lorraine."

"Sufeto," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Saje ya dawo yana juya waya a hannu.

"Ta ce sai da rana ta fito sosai Wilf ya iso musu. Ta yi mamaki, don kullum shi ke buɗe musu ƙofa."

Narelle ta biyo bayansa, ta naɗe hannuwa a ƙirji.

"Ni na gaya masa," ta ce ba tare da an tambaye ta ba. "Da sassafe na kai masa burodi. Na kasa kallon idonsa in yi shiru. Na ce ya je ya ɗebi ko ƙasar wurin ce kafin katafila ta zo. Ya yi mini godiya. Godiya kawai ya yi, ya ce burodin ya yi laushi."

A tsohuwar gonar suka sami Wilf, zaune a kan akwatinsa a layi na ƙarshe. Itatuwan gajeru ne, baƙaƙe, a murɗe kamar hannun tsohuwa, wasu ko ganye babu. Daga nan ana hango kwarin gaba ɗaya. Saje ya tsaya daga bakin layin, ya ce ƙafarsa na ciwo.

"Wilf, taimako nake nema. Kaiser yana ɗaure a rana, ba mai iya zuwa kusa da shi."

Dattijon ya zabura. "Har yanzu? Ba wanda ya ba shi ruwa?"

Ya miƙe ya nufi ɗakin famfo da sauri irin na tsofaffi, suna biye. Karen na ganinsa ya daina gurnani, ya kwanta ya shiga kaɗa wutsiya. Wilf ya durƙusa, ya kwance igiyar da ja ɗaya, ya buɗe famfo ya tara hannuwansa. Kaiser ya sha daga tafinsa.

"Ban gaya maka inda yake ɗaure ba," in ji Lorraine.

Wilf bai juyo ba. Ya ci gaba da tara ruwan har karen ya ƙoshi, ya girgije, ya zura a guje ya nufi rumbu.

Lorraine ta gaya masa ba dole ne ya yi magana ba, duk abin da ya faɗa za a iya kawo shi gaban alƙali, yana da damar neman lauya. Kalmomin sun fito da kansu, kamar addu'ar da aka daɗe da haddacewa.

"Na ji," ya ce. Ya zauna a kan dakalin famfon. "Magana na je mu yi da Errol. Na same shi a ƙasa yana kwasar tuƙa. Na ce, Errol, layi ɗaya kawai. Ya ce ba ya jina, fanka ta cika ƙara. Ya ci gaba da aikinsa. Sai na kashe ta."

"Tsanin fa?"

"Ya ce in na gama kukan in kunna masa abarsa, yana da aiki. Ya kama tsani zai hau ya kunna da kansa. Na riga shi, na janye." Ya dubi tafin hannunsa. "Tun muna yara ban taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ranar da muka binne mahaifinmu, shi ya faɗi abin da zan faɗa. Ranar aurena ma shi ya yi jawabi. Ranar jana'izar Doreen na tashi a coci, na ce kalma uku, ya dafa ni ya ce, abin da Wilf yake nufi shi ne."

"Sai me ya faru?"

"Ya zage ni. Ya yi dariya. Ya ce toka ai toka ce, ruwan sama ya daɗe da kai ta rafi. Ni dai na fara magana. Na gaya masa yadda take zuwa da shayi tsohuwar gonar lokacin askin rassa, yadda ta sa wa itatuwan sunaye. Sai na ji ya yi shiru. Ya zauna. Na ce a raina, yau dai yana saurare." Ya goge baki da bayan hannu. "Na faɗi duk abin da ke cikina, Sufeto. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama na leƙa."

Saje Dunstall ya juya musu baya, yana kallon bangon ɗakin famfo.

Lorraine ta so ta tsaya a nan. Alƙali zai iya jin wannan ya ce zafin zuciya ne, tsautsayi ne ya gitta. Ta dubi tsohon, ta dubi igiyar da ke yashe a ƙasa. Tambaya ɗaya ta rage, kuma ba wanda zai yi ta in ba ita ba.

"Ka san abin da ke faruwa in an kashe fanka, sauran tankuna suna tsima?"

"Tun ban kai tsawon shebur ba na sani."

"Yaushe ka ɗaure karen, Wilf? Kafin ka shiga, ko bayan ka fito?"

Wani tsuntsu ya yi kuka a kan rufin. Wilf ya daɗe yana murza gefen hularsa.

"In Errol ya faɗi, Kaiser binsa zai yi ya dira ciki," ya ce. "Shi karen bai yi wa kowa komai ba."

"Kafin, ko bayan?"

"Kafin."

Lorraine ta gyaɗa kai.

"Wilfred Lubke, na kama ka bisa zargin kashe yayanka, Errol Lubke. Saje."

Suka taka zuwa tsakar gida, ba mai riƙe da kowa. An riga an fitar da gawar, motar asibiti ta tafi ba jiniya. Brenton da Narelle suna tsaye a ƙofar rumbu. Wilf ya tsaya a gabansu.

"Kada ka sake yi wa hukuma ƙarya saboda ni," ya ce wa Brenton. "Ba haka na koya maka ba."

"Baffa..."

"Tankin tsakiya yana bukatar juyi kafin dare. Kada ka shiga kai kaɗai."

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya bar ta a inda take. Shekara da shekaru suna tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Wilf a cikin mawaƙan coci. Ya zagaya ya buɗe masa ƙofar gaba, ta kusa da direba.

"Shiga nan, Wilf. Ya fi iska."

Dattijon ya dubi kujerar, ya girgiza kai.

"A'a, Murray. Baya ne wurina."

Ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya sunkuya ya shiga, ya ɗora hularsa a cinya. Motar ta bi tsakanin layukan inabi a hankali har ta hau kwalta.

Theo ya matso ya tsaya kusa da matarsa. Ya dubi fuskarta, bai yi tsokanar da ya zo da ita ba.

"Sai na bi su caji ofis na ba da bayani," ta ce. "Zai ɗauki lokaci."

"Shiga in kai ki."

Ta zauna a kujerar, ta bar ƙofar a buɗe, ta rufe fuska da tafukan hannu. Theo ya tsaya riƙe da murfin ƙofar, bai ce ta yi sauri ba.